Nutso da tukunyar iska: Darasin kwana huɗu a Zanzibar da yankin Malumfashi ke buƙata

Idan watan Agusta ya kama, Karfi da ƙauyukan da ke kewaye da ita a Ƙaramar Hukumar Malumfashi ba sa rasa ruwa. Masara ta yi goyo, koramu sun kawo, kududdufan da aka haƙi ƙasar gini a cikinsu da rani sun cika har baki. Ruwan da manomi ya yi watanni yana roƙo ke nan. Shi ne kuma ruwan da kan ci yara.

Duk wanda ya tashi a karkarar kudancin Katsina ya san yadda abin ke faruwa. Yaro ya bi abokansa wanka, ko ya kai dabbobi shan ruwa, ƙafa ta zame. Ihu ya tashi, gari ya taru a bakin ruwa. Sai a aika a kira wanda aka sani da iya ruwa, masunci ko ɗan gidan Sarkin Ruwa. Ya tuɓe riga, ya ja numfashi ɗaya, ya nutse. Bayan minti guda ya taso, ya huta, ya sake komawa. Haka zai yi ta lalube cikin laka da hannu, wani lokaci har faɗuwar rana.

A can tsibirin Zanzibar kuwa, a gabashin Afirka, baƙon da ya zo yawon buɗe ido yakan zauna a ƙasan teku yana numfashi kamar yana ɗakinsa, ya yi minti 40 bai taso ba. Ba don ya fi masuncinmu jarumta ba. Tukunyar iska ce a bayansa, da horon kwana uku zuwa huɗu.

Wannan nau'in nutso shi ake kira sukuba. Me ake koya wa mutum a waɗannan kwanaki? Kuma wane ɓangare na darasin ne zai yi amfani a ƙasar da ba ta da teku, sai dam da kududdufi da rijiya?

Mece ce sukuba?

Kalmar taƙaitawa ce daga Turanci, ma'anarta na'urar numfashi a ƙarƙashin ruwa wadda mutum ke ɗauke da ita a jikinsa. A 1943 wani hafsan sojan ruwan Faransa, Jacques Cousteau, da wani injiniya, Emile Gagnan, suka haɗa na'urar da ta buɗe wa kowa wannan ƙofa. Kafin ta, mai nutso yakan sa ƙatuwar hular ƙarfe, ana hura masa iska ta dogon bututu daga cikin jirgi.

Mutane da yawa sun ɗauka oksijin ne a cikin tukunyar, irin na asibiti. Iskar da muke shaƙa ce ta yau da kullum, wadda kusan kashi 21 cikin ɗari oksijin ne, sauran kuma galibi naitirojin. An dai tace ta, an busar da ita, an danna ta cikin tukunya mai cin lita 11 zuwa 12 da matsin da ya kai ninki 200 na iskar waje. Wato kusan ninki 80 zuwa 100 na iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota.

Babu huhun da zai ɗauki wannan matsi kai-tsaye. Shi ya sa ake ɗaura wa tukunyar regileta, wadda ke sassauta iskar ta miƙa wa baki daidai gwargwadon abin da mutum ya zuƙa. Sauran kayan su ne tabarau mai rufe ido da hanci, da takalman roba masu faɗi irin ƙafar agwagwa, da rigar da ake hura wa iska ko a sace ta don a taso ko a nutse, da ɗamarar dalma, da agogon da ke nuna saura iska nawa. A tudu kayan kan kai kilo 20 ko fiye. Da an shiga ruwa nauyin ya ɓace.

Kafin a taɓa tukunya

Zanzibar na cikin wuraren da ake zuwa koyon sukuba a Afirka. Yanki ne na Tanzaniya mai manyan tsibirai biyu, Unguja da Pemba, kuma mafi yawan mutanensa Musulmi ne. Makarantun nutso sun fi yawa a arewacin Unguja, a garuruwa irin su Nungwi da Kendwa da Matemwe. Ruwan wurin ɗumi gare shi duk shekara. Akwai makarantu irin waɗannan a Sao Tome da ke kudu da gaɓar Najeriya, da kuma Jidda, a bakin Bahar Maliya, inda alhazanmu ke sauka.

Yawancin makarantun na bin manhajar PADI, wata ƙungiyar malaman nutso da aka kafa a Amurka a 1966. Akwai wasu irinta, kamar SSI da CMAS, amma tsarin kusan ɗaya ne: karatu, sai atisaye sau biyar a ruwa marar zurfi, sai nutso huɗu a teku. Kuɗin kan kai ɗaruruwan daloli, ban da na jirgi da masauki.

Abin da ake fara miƙa wa ɗalibi takardar lafiya ce. Ana tambaya ko yana da asma, ko farfaɗiya, ko ciwon zuciya, ko an taɓa yi masa aiki a kunne ko a huhu. Mai juna biyu ba ta nutso. Mai cutar sikila, wadda ta yi yawa a ƙasarmu, dole ya faɗa kuma ya ga likita tukuna. Ko mura ce ta kama mutum, sai ya jira ta sake shi.

Daga nan sai jarrabawar da ke tankaɗe mutane da yawa. Dole ɗalibi ya yi ninkaya ta mita 200 ba tsayawa, da kowane salo, ba a ƙayyade masa lokaci ba. Sannan ya zauna a saman ruwa mai zurfi na minti 10 ba tare da ya riƙe komai ba. Wanda ya kasa, ba za a ba shi takardar shaida ba. Akwai ɗan gajeren nutson gwaji na yini ɗaya, wanda malami ke riƙe da baƙo kuma ba a wuce mita 12, amma wannan ɗanɗano ne kawai.

Wato ita kanta makarantar sukuba ba ta yarda tukunya ta maye gurbin iya ruwa ba.

Numfashin farko

Darasin farko a ruwa ana yin sa ne a inda mutum zai iya miƙewa kansa ya fito. Malami zai ce a sa regileta a baki, a durƙusa, a bar ruwa ya rufe kai, a yi numfashi.

A nan jiki ke yin gardama. Tun haihuwa ya san cewa fuska a cikin ruwa na nufin a riƙe numfashi. Sabon ɗalibi yakan zuƙi iska da sauri-sauri, zuciya na bugawa, ido a waje. Bayan minti biyu ko uku sai ya lura iskar na zuwa, kumfa na fita ta gefen kumatunsa, babu abin da ya same shi. Daga nan ake fara koyo.

Duk atisayen da ke biyo baya gwajin matsala ne da gangan. Za a ce ya cire regileta daga baki, ya jefar da ita gefe, ya nemo ta ya mayar. Za a ce ya bar ruwa ya cika tabarau, sannan ya danne samansa ya hura iska ta hanci har ruwan ya fita. Za a rufe masa tukunya na ɗan lokaci don ya san yadda ƙarewar iska take, ya yi wa abokinsa alama, ya karɓi bututun ajiya da kowane mai nutso ke ɗauke da shi saboda ɗan'uwansa.

Magana ba ta yiwuwa a ƙasa, sai alamar hannu. Ɗaga babban yatsa, da muka saba da shi a matsayin "ya yi", a ruwa yana nufin "mu hau sama". Idan lafiya lau ake nufi, sai a haɗa babban yatsa da manuni a yi zobe. Shafa hannu a maƙogwaro kamar yanka na nufin iska ta ƙare.

Manufar duk wannan ita ce a kashe firgici. Ruwa a tabarau ba ya kashe kowa. Wanda ya firgita saboda ruwa a tabarau, ya tofar da regileta ya yi sama a guje, shi ne ke cikin haɗari.

Dokar da ba a karyawa

Ruwa na da nauyi. Duk mita 10 da mutum ya sauka, matsin da ke kansa na ƙaruwa da kwatankwacin na iskar duniya gaba ɗaya. A mita 10 ya ninka biyu, a mita 20 ya ninka uku, a mita 30 ya ninka huɗu.

Kunne ne ke fara ba da labari. Duk wanda ya taɓa shiga jirgin sama ya san toshewar kunne lokacin sauka. A ruwa abin ya fi haka, kuma yana farawa tun daga mita ɗaya ko biyu. Maganinsa a toshe hanci da yatsu a hura a hankali, ko a haɗiyi yawu, tun kafin zafi ya zo. Wanda ya yi taurin kai ya ci gaba da sauka yana iya fasa dodon kunnensa. Dalilin hana mai mura nutso ke nan, domin hanyar da ke tsakanin hanci da kunne ta toshe.

Babbar dokar kuwa ta huhu ce: kada ka taɓa riƙe numfashi. A ɗauki balan-balan a hura shi a zurfin mita 10, a ɗaure baki a sake shi. Kafin ya kai sama ya ninka girmansa biyu. Haka huhun wanda ya cika shi da iskar tukunya a ƙasa, ya rufe maƙogwaro ya taso. Iskar za ta kumbura ta yaga shi, kumfa ya shiga jini. Hakan na iya faruwa ko a ruwan da zurfinsa bai kai mita biyu ba.

Wannan ya shafi gwanayenmu na gida kai-tsaye. Masunci ya yi shekara 20 yana horar da jikinsa a kan riƙe numfashi, kuma babu laifi, tunda iskar da ya sauka da ita daga sama ya ɗauko ta. Ranar da aka miƙa masa tukunya ba horo, ɗabi'ar da ta rayar da shi ita za ta kashe shi.

Ranar shiga teku

A rana ta uku ake shiga jirgin ruwa. A Zanzibar makarantu da dama kan kai ɗalibai kusa da ƙaramin tsibirin Mnemba, inda duwatsun murjani suka yi zobe. Kafin a faɗa ruwa kowa zai duba kayan abokinsa: rigar iska, dalma, maɗauri, iska. Ba a nutso mutum ɗaya.

Nutso biyu na farko ba sa wuce mita 12, biyun ƙarshe kuma mita 18. Wannan ce iyakar takardar farko. Masu ƙarin horo na iya kaiwa mita 30, iyakar nutson shaƙatawa gaba ɗaya kuma mita 40 ce.

A ƙasa komai na canzawa. Kifi kan yi kamar ya fi girmansa da kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma ya fi kusa. Jan launi ne ke fara ɓacewa tun daga mita biyar, har jini ya koma kamar kore. Ƙara na tafiya fiye da ninki huɗu na saurinta a iska, don haka mutum zai ji injin jirgi amma ya kasa gane ta ina yake. Ruwa na zuƙe ɗumin jiki fiye da iska ninki 20, shi ya sa ake sa rigar roba ko a teku mai ɗumi. Rigar na rufe jiki daga wuya zuwa idon sawu, kuma mata kan haɗa ta da abin rufe kai.

Abin da ya fi wuya shi ne tsayuwa a tsakiyar ruwa, ba a nutse ba, ba a taso ba. Da numfashi ake yin sa: a zuƙa a ɗan ɗaga, a fitar a ɗan sauka. Wanda ya kasa zai yi ta dukan murjani da ƙafa, abin da ya ɗauki shekaru yana girma. Dokar wurin ita ce a kalla, kada a taɓa.

Ido kuma na kan agogon iska. Tukunyar da za ta yi awa guda kusa da sama, a mita 30 rubu'in wannan lokaci za ta yi. Ana koya wa ɗalibi ya fito da sauran rubu'in iskarsa a tukunya.

Sannu ba ta hana zuwa

Akwai haɗarin da ba a gani. Naitirojin da mutum ke shaƙa a ƙarƙashin matsi yana narkewa cikin jini da tsoka. Kamar kwalbar lemo ce a rufe: babu kumfa sai an buɗe. A buɗe a hankali, iskar ta fita lami lafiya. A fizge murfin, ta yi ambaliya.

Idan mai nutso ya daɗe a zurfi sannan ya taso da sauri, kumfar kan taru a gaɓoɓi da laka da ƙwaƙwalwa. Alamunta ciwon gaɓoɓi, da jiri, da mutuwar sashen jiki. Maganinta a ba shi oksijin nan take, a kai shi wani ɗakin ƙarfe da ake mayar da matsin, a riƙa sassauta shi sannu a hankali. Shi ya sa ba a tasowa fiye da mita 18 a minti ɗaya, kuma ana tsayawa minti uku a mita biyar kafin a fito. Bayan nutso ɗaya sai an yi awa 12 kafin a hau jirgin sama, bayan nutso da yawa kuma awa 18.

Wani ɗan Najeriya ya zama misalin wannan a duniya. Ranar 26 ga Mayun 2013 jirgin Jascon-4 ya kife a tekun da ke gaɓar Jihar Delta da ma'aikata 12. Kukun jirgin, Harrison Okene, ya maƙale a wani lungu da iska ta taru, a zurfin mita 30, na kusan awa 60. Masu nutson da aka tura ɗebo gawa suka same shi da rai. Amma ba su fito da shi sama kai-tsaye ba, domin jikinsa ya sha naitirojin. Sai da ya yi sama da kwana biyu a ɗakin matsi. Shi kaɗai ya tsira. A 2015 ya kammala horo, ya zama mai sana'ar nutso.

Gwanayen da muke da su

Ƙasar Hausa ba baƙuwar nutso ba ce. A Argungu ta Jihar Kebbi, bikin kamun kifi da ya samo siffarsa ta yanzu a 1934, lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, yana da wasannin Kabanci, waɗanda suka haɗa da gasar nutso da kamun kifi da hannu da tseren kwale-kwale. A 2016 UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya da ake adanawa. Sarkawa da masunta a Yawuri da Sakkwato da Haɗeja sun gaji sanin ruwa kaka da kakanni.

Sannan ruwan ya ƙaru a inda da babu shi. Tiga ta zo a 1974, Zobe a Dutsin-Ma a 1983, Challawa a Ƙaraye a 1992. A kudancin Katsina ga dam ɗin Malumfashi, ga Mairuwa da Gwaigwaye a yankin Funtua. An gina su don ruwan sha da noman rani, a tsakiyar manoma da makiyaya waɗanda iyayensu ba su taso da babban ruwa ba.

Ranar 30 ga Nuwamban 2021 kwale-kwale ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai a Jihar Kano, ɗauke da mutanen ƙauyen Badau, yawancinsu ɗaliban Islamiyya da za su Mauludi. Aƙalla mutum 29 suka rasu. Jami'an kashe gobara da masu iya ruwa na yankin ne suka yi aikin nema.

A irin wannan rana, mai numfashi ɗaya na da daƙiƙu kaɗan a ƙasa, kuma duk komawar da ya yi gajiya na ƙaruwa. Mai tukunya yana iya bin ƙasan ruwa layi-layi har ya gama da wuri. Ga iyalan da ke zaune a bakin dam suna jiran gawar da za su yi wa sutura, bambancin awa uku da kwana uku ba ƙarami ba ne.

Dam ba teku ba ne

Sai dai takardar Zanzibar ba ta isa a shiga Mairuwa ba. A Mnemba mutum na hango mita 20 a rana mai kyau. A dam ɗinmu da damina ba zai ga tafin hannunsa ba, balle agogon iska. A ƙasa akwai kututturan itatuwan da ruwa ya shanye, da tsofaffin taru da ƙugiyoyi da ke kama ƙafa. Kusa da bakin bututun da ke jan ruwa kuwa, ƙarfin zuƙa na iya manne mutum yadda ba mai iya ɓamɓare shi, sai an rufe bututun.

Akwai kuma batun tudu. Lissafin lokacin nutso an yi shi ne don bakin teku, kuma da wuri ya haura mita 300 a sama da teku sai an gyara shi. Ƙasar Funtua da Malumfashi ta haura mita 500.

Ga tsargiya, cutar fitsarin jini da ake ɗauka a ruwan da ke da katantanwa. A ƙarshen shekarun 1970 masu bincike daga Jami'ar Ahmadu Bello da makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool sun yi nazarinta a yankin Malumfashi, har da dam ɗin Ruwan Sanyi. Wanda zai riƙa shiga irin wannan ruwa yana buƙatar gwaji da magani a kai a kai.

Shi ya sa nutson ceto fanni ne daban. Mai nutso na ɗaure da igiya, wani na riƙe da ita a tudu suna magana da fizga, na uku kuma na zaune cikin shiri ko da na farko zai maƙale. A Najeriya sojojin ruwa na da masu nutso, haka kamfanonin mai, kuma cibiyar PTI da ke Effurun a Jihar Delta na koyar da nutson sana'a. Dukkansu suna ɗaruruwan kilomita daga Karfi.

Gargaɗi ɗaya ga masu dabara: injin mai faci ba na numfashi ba ne. Iskarsa na ɗauke da mai da hayaƙi, kuma gubar hayaƙi ta fi illa a ƙarƙashin matsi. Haka rijiya. Sau da yawa wanda ya faɗi a cikin tsohuwar rijiya ba ruwa ya kayar da shi ba, gurɓatacciyar iska ce, ko hayaƙin injin ban-ruwa. Na biyu da na uku da suka bi shi ceto sukan faɗi a wuri ɗaya.

Abin da tukunya ba za ta yi ba

Ƙwaƙwalwar da ta rasa oksijin na fara lalacewa cikin minti huɗu zuwa shida. Ko da akwai ƙwararrun masu nutso a cikin garin Malumfashi, kafin su tada mota su isa ƙauye su sa kaya, wannan lokaci ya wuce. Mafi yawan aikinsu zai zama fito da gawa. Rai kuwa, wanda ke tsaye a bakin ruwa ne ke cetonsa, ko kuma shi mai ran da kansa. Iya ruwa, in ji Hausawa, fid da kai.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum 300,000 ruwa ya ci a 2021, kuma yankin Afirka ne ke da kaso mafi girma idan aka auna da yawan jama'a. A wannan shekara Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli a matsayin ranar yaƙi da mutuwa a ruwa.

Ita kanta Zanzibar ta sha wannan ɗaci. A Satumban 2011 jirgin Spice Islander ya nutse tsakanin Unguja da Pemba da ɗaruruwan mutane, a Yulin 2012 kuma jirgin Skagit ya bi shi. Tsibiri ne da baƙi ke biyan daloli su yi wasa a ruwansa, alhali 'ya'yansa da yawa, musamman mata, ba su iya ninkaya ba. A Nungwi, garin makarantun sukuba, wata ƙungiya mai suna Panje Project ta shiga koya wa yara ninkaya, har da 'yan mata, da tufafin da suka rufe jiki da malamai mata. A Bangladesh kuwa, a kududdufan ƙauye ake kafa shingen gora a yi ɗan fili marar zurfi, a koya wa yara a ciki.

Ta ina za a fara?

Matakin farko ba ya buƙatar dala. Gari ya san kududdufansa masu haɗari: a killace su, a cike ramukan da masu aikin titi da masu bulo suka bari, a yi wa rijiyoyi murfi. A bakin kowane dam da mashaya a ajiye doguwar gora, da igiya, da jarka mai murfi wadda babu komai a ciki. Jarkar lita 25 na iya riƙe babban mutum a saman ruwa. Wanda bai iya ruwa ba ya miƙa ko ya jefa, kada ya faɗa, domin mai nutsewa yakan ƙanƙame duk wanda ya zo kusa.

Idan an fito da mutum ba ya numfashi, ba a juya shi kai a ƙasa, ba a danna masa ciki don a fitar da ruwa. A kwantar da shi rigingine, a hura masa iska a baki, a riƙa danna tsakiyar ƙirji, a nemi asibiti. Ƙungiyar Red Cross na koyar da wannan, kuma 'yan agajin masallatai da malaman makaranta za su iya koya cikin yini guda.

Mataki na biyu shi ne ninkaya ga yara, da rani, a wuri marar zurfi da aka killace. Malaman suna nan: masuntan da ake kira idan an yi rashi. Sarakunan ruwa da masu unguwanni da makarantun Islamiyya za su iya tsara shi, maza daban, mata daban. Duk kwale-kwalen haya kuma ya ɗauki daidai kima, da rigar kariya ga kowane fasinja.

Na uku ne na gwamnati. Hukumar kashe gobara da ta agajin gaggawa ta jiha na iya zaɓar matasa kaɗan a kowace shiyya, Funtua da Katsina da Daura, daga cikin jami'ansu da 'ya'yan masunta, a tura su cikakken horo: na farko, da na ceto, da na nema a ruwa mai duhu. A saya musu kaya da injin cika tukunya na gaskiya, a ware kuɗin gyara, a riƙa atisaye ko babu haɗari. Kayan da aka kulle a sito shekara biyu ba a duba ba, tarko ne ga wanda zai sa su.

Ga wanda Allah Ya hore wa kuma yake sha'awar ganin murjani da idonsa, ƙofa a buɗe take. Ya fara koyon ninkaya tun a gida, ya ga likita, ya nemi makarantar da ke da rajista, ya bar kwana ɗaya tsakanin nutson ƙarshe da jirgin dawowa. Idan ya dawo da takardarsa, kada ya ɗauka ya zama mai ceto. Amma zai dawo ya san abin da ruwa ke yi wa jiki, kuma a yankin da damina ke cika kowane rami, wannan sani ne da ya kamata a kai zauren mai gari.